Ɓerayen Baba Timothy a Ƙarƙashin Tagar Martha

Duk wanda ya san layin masu kayan miya a Kasuwar Monday ta Kakuri ya san ranar da Hajara mai kabeji ta kayar da Baba Timothy. Har yau idan ciniki ya yi sanyi, da labarin suke ɗumama baki. Ina wurin, na je sayen yakuwa, saboda haka ba ji na yi ba, gani na yi.

Shekara biyu cur Baba Timothy yana zuwa wurin Hajara da buhunsa, tana tara masa ganyen bayan kabeji da kan karas, waɗanda dama zubarwa za a yi. Ko kwabo ba ta taɓa karɓa ba. Ta ga tsoho ɗan fansho da takalmin roba da hular sanyi ko a watan Maris, ta ɗauka abin da yake dafawa ke nan. Wani lokaci har tumatir biyu take jefa masa a ciki, ta kau da kai don kada ya ji kunya. Da ya yi shiru, da har yau yana kwasa a kyauta. Amma Timothy ba ya iya ganin abu ba daidai ba ya haɗiye. Ran nan ya zazzage buhun a gabanta ya fara tsinta.

"Hajiya, wannan ya kwana. Wannan kuma ya fara ruɓewa. Darakta ba ta cin irin wannan."

"Wace ce Darakta? Madam ɗinka?"

Maimakon ya ce e ya wuce abinsa, sai ya ciro waya yana murmushi kamar mai nuna jika, ya nuna mata hoto. Wata dunƙulalliyar halitta ce fara mai tabon ja, ba wuya ba wutsiya, ta cika baki da ganye.

Hajara ta dafe ƙirji. "Jama'a ku zo ku gani! Shekara biyu ina murna ina tara lada a kan tsoho, ashe ɓeraye nake yi wa hidima!"

"Ba ɓeran rumbu ba ne, Hajiya. Ɓeran Masar ne."

"Ko na Ingila ne."

"Shara ce fa. Da ban kwashe ba, biya za ki yi a kwashe."

"Da can shara ce, Baba, lokacin da kake kwasa ido rufe. Tunda ka fara zaɓe, ta zama kaya. Ɗari biyu."

Ya kawo hujjar maƙwabtaka, ya kawo ta tsufa, ya kawo ta fansho da ba ya zuwa kan lokaci. Layin gaba ɗaya ya bi bayan Hajara, har da mai albasa da ba wanda ya tambaye shi. Ya biya. Yanzu buhun ya kai ɗari biyar, kuma duk Litinin sai ta tambayi lafiyar Darakta kafin ta tambayi tasa.

Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka labarin mai wayo zan bayar. Timothy mutum ne da ke iya jefa kansa a rami da bakinsa. Amma mutumin nan ya yi wa gidana abin da ban iya yi ba, kuma ni ba na yabon namiji a banza, ku tambayi duk wanda ya san ni a Narayi.

A wani ƙauye bayan Zonkwa aka haife shi, kusa da namu. Ya zo Kaduna yana saurayi a jirgin ƙasa da akwatin ƙarfe, yana neman aikin masaƙa kamar kowa a lokacin. Layin masu nema ya fi ƙarfinsa, sai ya samu aiki a wata cibiyar bincike a tsallaken kogi, inda ake kiwon ƙudan tsando don nazarin cutar da yake sa wa mutane da shanu. Ƙudan nan jini yake sha, kuma ba ogan da zai miƙa hannunsa. Sai a ɗora ɗan kejin ƙudaje a jikin ɓeran Masar su sha su ƙoshi. Mai riƙe ɓeran shi ne Timothy. Shi ke share ɗakinsu, shi ke yanko musu ciyawa, shi ke gane wanda ba shi da lafiya kafin likita ya gane. Shekara talatin da ɗaya. Ya ce a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa cizonsa, sai dai ya ɗago ido ya dube shi, kuma da cizon ne da ya fi masa sauƙi.

Da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, yara suka watse garuruwa, sai ya sayi ɓerayen Masar guda huɗu ya kafa musu gida a bayan ɗakinsa a unguwar Television. Ya ce waɗannan dai ba abin da zai sha jininsu. Ya raɗa musu sunayen manyan ofishinsu: Darakta, Akawu, Odita, Kashiya. Ya ce shekara talatin yana gaishe su suna wucewa ba amsa, yanzu su ke ihu idan sun ji takunsa.

Mutane sun sha ce masa ya yanka ya yi farfesu, tunda wasu suna ci. Amsarsa ɗaya ce, wai ba ya cin abokin aiki.

Wanda ya ce dabbar nan ba ta da tsada saboda ƙarama ce, bai raka Timothy yawon ciyawa ba. Haƙoransu ba sa daina tsiro, dole kullum su kasance suna tauna abu mai kaushi, in ba haka ba haƙori ya zarce ya hana su ci. Da damina yana yanko ciyawa a gefen layin dogo, kuma sai ya shinshina tukuna, don kada a ce an yi feshin maganin ciyawa a wurin. Da rani sai harawa, ya tsaya a layi ɗaya da masu raguna, kuma idan Babbar Sallah ta matso farashinta ya tashi, za ka ji shi yana ƙorafi kamar shi ma layya zai yi. Ban da wannan, ya ce jikinsu ba ya haɗa bitamin C da kansa, kamar dai na mutum, saboda haka kullum sai an ba su tattasai ko gwaiba ko ɗan ganye sabo, in ba haka ba ƙafafu su yi tsami, dasashi ya yi jini. Kabeji kaɗan kawai, yana kumbura musu ciki. Ƙasan keji ba a sa ragar waya, tana ji musu ciwo a tafin ƙafa, sai dusar katako mai kauri da yake saye wurin Mustapha kafinta a Makera, a canza sau biyu a mako. Ƙafafun kejin suna tsaye cikin gwangwanayen baƙin mai saboda kwarkwasa. Idan zafi ya tsananta, sai ya jiƙa buhun algarara ya shimfiɗa a kan kwanon, domin zafi na kashe su da wuri. Har farce yake yanke musu, da tabarau a kan hanci. Na taɓa ce masa da matarsa ta samu rabin wannan kulawar da ba ta yi saurin tafiya ba. Ya ce ta samu, ita ce ma ta fi cizo.

To ga inda ya shigo gidana.

Ƙanwata Martha ta yi shekara arba'in da mijinta Benson. Ya rasu a watan Mayu bayan gajeriyar jinya. Da muka dawo daga binne shi a ƙauye, na ɗauko ta na kawo ta wurina a Narayi, na ba ta ɗakin baya. Martha da ke jan waƙa a zumuntar mata ta coci har sai an roƙe ta ta ba wasu dama, ta shiga ɗaki ta saki labule. Abinci cokali biyu, ta ture. Zumuntar mata sun zo sun yi waƙa har maƙwabta suka fito, ita tana kallon bango. Fasto ya zo sau uku. 'Yarta Vicky da ke aiki a Abuja ta riƙa turo kuɗin maganin ƙarin jini da na buɗe ciki, kwalabe suka cika taga. Ni kuma na yi abin da na fi iyawa, wato masifa. Na lallaba, na zaga, na yi kuka a ɓoye. Wata huɗu. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma zagaye ta sau biyu. Na riga na binne miji, ban shirya binne ƙanwa ba, kuma ina gani ƙiri-ƙiri can muka nufa.

Wata safiya a watan Satumba sai ga keke napep a ƙofar gida, Timothy ya fito da keji a rungume.

"Maman Tony, zan je gida gyaran rufi, mako biyu. Ga Darakta da Akawu, ajiya."

"Ka mai da ni mai gadin ɓeraye? Fita min da su."

"Wa ya ce ke? Ke da ko fulawar roba aka ba ki sai ta bushe. Maman Vicky zan ba."

Bai jira izini ba ya zagaya baya, ya girke kejin daidai ƙarƙashin tagar Martha, ya tsaya ya karanta wa labule dokoki kamar mai sanarwa a coci. Ciyawa safe da yamma. Tattasai rabi. Ruwa sabo. Ba albasa, ba tuwo, ba ragowar miya. Labule bai motsa ba. Ya ce, "Na gode da kika yarda," ya tafi.

Ban san halittar nan tana da murya ba sai washegari. Da gari ya waye na taɓa leda a kicin, sai na ji wani irin ihu mai kama da fito, su biyu a tare, wi-wi-wi, kamar an taka jariri. Ashe da sun ji motsin leda, ko ƙofa, ko takun mutum, sai su ɗauka abincinsu ne ya iso, kuma ba sa yin shiru sai an kawo. Timothy ya gargaɗe ni a bakin ƙofa cewa ko za su tsaga min kunne kada in ba su. Na toshe kunne na zauna. Rana ta farko Martha ta leƙo ta taga ta ce, "Yaya, don Allah ki ba abubuwan nan abinci." Na ce ba ajiyata ba ce. Jimla mafi tsawo ke nan da ta yi a wata huɗu. Ta fito da zane a ƙirji tana tsaki, ta watsa musu ciyawa ta koma. Da yamma suka sake. Rana ta uku na je Kakuri, sai ga mai gyaran rufi a Zonkwa tsugune gaban Hajara yana zaɓen ganye. Ya gan ni, ya ja hular sanyi ya rufe ido, kamar ta rufe shi duka.

Kafin mako biyu Martha ta fara zama a kan turmi kusa da kejin. Ba ta ci, amma tana kallon masu ci.

Sai ni na ɓata abin da hannuna. Akawu ta fara atishawa, hanci na ruwa. To ni kiwon kaji na sani, shekara hamsin. Kaza ta yi mura, ka je kemis ka sayo kafso, ka buɗe ka zuba garin a ruwa, shi ke nan. Kowa a layinmu haka yake yi. Akwai ragowar kafson da aka ba ni lokacin da na yi maruru, na buɗe ɗaya na dama a cokali na ɗura wa Akawu, safe da yamma, ina jin kaina likita. Kwana biyu ta fara zawo. Rana ta uku da hantsi Martha ta same ta a miƙe, ta mutu.

Na kira Timothy. Ya zo ya karɓi kwalin maganin ya duba. Ya ce irin wannan maganin da ke warkar da mutum da kaza, su guba ne gare su, yana kashe ƙwayoyin da ke narka musu abinci a ciki. Ya ce ba a ba su kowane magani sai wanda likitan dabbobi ya rubuta. Na shirya ya zage ni, har na tanadi amsa. Sai ya ce, "Laifina ne, na faɗi albasa na manta kafso." Mutumin da ya yi rigima kan ganyen ɗari biyu. Da ya zage ni da na fi samun barci.

Abin da na ji tsoro kuma ya faru. Darakta ta shige lungun keji ta juya baya. Leda ta yi ƙara, shiru. Tattasai a gaban hancinta, ko shinshinawa. Timothy ya ce ba sa iya zaman kaɗaici, kuma wanda ya yini bai ci ba cikinsa na iya tsayawa, daga nan sai mutuwa. Muka ɗauke ta a kwali zuwa wurin likitan dabbobi a Barnawa, kuma Martha ce ta riƙe kwalin, fitarta ta farko daga gida tun Mayu. Kuɗin ganin likita da magani ya isa ya sayi sabbin ɓeraye shida. Na faɗa da ƙarfi, ba wanda ya kula ni, na biya tunda ni na jawo.

Likita ya ce a riƙa ɗura mata abinci da sirinji marar allura duk bayan awa uku. Timothy ya ce ba zai kawo mata abokiyar zama ba sai an yi mako biyu an tabbata murar ba ta kama ta ba. Ya koya wa Martha yadda ake daka ciyawa da tattasai a tace, yadda ake naɗe ta a tawul, a sa sirinji ta gefen baki, kaɗan-kaɗan. Zai tafi sai ya juyo.

"Maman Vicky, abu ɗaya ya rage. Ba sa ci su kaɗai. Sai sun ji wani yana tauna a kusa. Ki zauna nan ki riƙa cin wani abu mai ƙara."

Martha ta dube shi, ta dubi ɓeran da ya juya wa duniya baya. Ta ce, "Yaya, akwai karas?"

Haka aka yi. Ta zauna kan turmi tana gurgurar karas don ɓera ya ji. Daga karas aka koma kokwamba, daga nan gwaiba, daga nan masara gasasshiya, wai ta fi ƙara. Tana ci tana yi wa Darakta faɗa. Ina kicin ina jin ta: "Ke kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa? Buɗe baki." Na sa albasa a gaba na yanka, don idan an shigo a ga dalilin hawayen. Rana ta biyar Darakta ta fito daga lungu ta fizge tattasai daga hannun Martha. A ranar da yamma ƙanwata ta ce tana marmarin faten tsaki da yakuwa, kuma kada in cika ruwa kamar yadda na saba. Ta ci kwano guda, ta kushe shi daga farko har ƙarshe. Ban taɓa jin daɗin zagi kamar ranar ba.

Daga baya na tare Timothy na ce ya faɗa min tsakani da Allah, maganar taunawar nan gaskiya ce? Ya ce rabinta. Na ce wane rabin? Ya ce wanda ya yi aiki.

Ya kawo Kashiya ta zauna da Darakta, ihun safe ya dawo, ajiyar mako biyu ta zama ta dindindin. Martha ta koma zumunta, ta karɓe jan waƙa daga hannun wadda ta riƙe mata. Litinin ita ke raka Timothy wurin Hajara, kuma ta fi shi iya zaɓe.

Da Kirsimeti Vicky ta zo. Yarinyar kirki ce, tana son uwarta, amma irin 'yan ofis ɗin nan ne da komai sai sun ga amfaninsa a takarda. Ta ga uwarta durƙushe tana kwashe kashin ɓera, ranta ya ɓaci. Ta ce a fitar da su, ita za ta saya wa Mama kaji masu ƙwai ashirin, abin yi mai riba. Martha ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ƙarar zoben labule. Na aika a kira Timothy.

Ya zo da hular sanyinsa, Vicky ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta buɗe wuta.

"Baba, da girmanka. Harawa, dusar katako, tattasai a wannan tsadar, ga likita. Mama Babba ta faɗa min abin da aka kashe a Barnawa. A kan ɓera!"

"Ɓeran Masar."

"Ko na ina ne. Suna wari."

"Idan an bar kejin ba shara. Kaji ashirin kuma turare suke yi?"

"Kaji suna ƙwai, Baba. Akuya tana haihuwa a sayar. Kare yana gadi. Kyanwa ma tana kama ɓera. Wannan fa? Shekara nawa ma suke yi?"

"Biyar, shida, in an kula."

"Shekara shida ana ciyar da abin da ba ya kawo komai! Ka faɗa min aiki ɗaya da yake yi a gidan nan. Ɗaya tak."

Na ce a raina yau ma an kayar da shi, kamar a Kakuri. Sai iska ta kaɗa wata leda a tsakar gida, Darakta da Kashiya suka ɗauki ihu. Labule ya buɗe. Martha ta fito da rabin tattasai a hannu ɗaya, cinyar kaza a ɗayan, ta wuce mu ba ta dubi kowa ba, tana tauna.

Timothy ya bi ta da kallo, ya gyara hula.

"'Yata, wata huɗu kina turo magani, Fasto yana addu'a, Maman Tony tana masifa, uwarki ba ta gama kwano ɗaya ba. In kin san wani ma'aikacin da zai fito da ita daga ɗaki sau biyu a rana, a biya shi da ganyen kabeji, kawo shi gobe. Ni da kaina zan sallami Darakta."